Muhawara: Wa ƙungiyoyin ƙwadagon jarumai da marubuta da 'yan wasa suke karewa?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina fatan masu ilimin abin za su ba ni haske. A 2023 marubutan fina-finai da shirye-shiryen talabijin na Amurka sun shiga yajin aiki daga 2 ga Mayu zuwa 27 ga Satumba, wato kwana 148, sannan jaruman fim suka bi sahu daga 14 ga Yuli zuwa 9 ga Nuwamba, kwana 118. Tun kafin wannan, a 1994, 'yan wasan besbol na ƙasar sun ajiye aiki har aka soke wasannin ƙarshe na gasar shekarar. Abin da na sani game da ƙungiyar ƙwadago shi ne an kafa ta domin ma'aikacin masana'anta da mai haƙar kwal da direban jirgin ƙasa, mutanen da ba su da wani ƙarfi sai yawansu, waɗanda idan aka sallami ɗaya yau za a tarar da goma suna jira a bakin ƙofa gobe. To mene ne haɗin wannan da mutumin da yake da wakili da lauya, wanda kamfanoni suke rububinsa, wanda abin da yake samu a fim ɗaya ko kaka ɗaya ya fi abin da malamin makaranta zai tara a tsawon rayuwarsa? Ba ƙyashi nake yi ba. Ina tsoron kada sunan ƙwadago ya zama abin da masu hali suke fakewa da shi domin su ƙara wa kansu.

Hajiya Rakiya:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Tambayarka tana kan hanya, amma an gina ta a kan fuskokin da muke gani a allo, alhali su ne mafi ƙaranci a cikin masu sana'ar. Ƙungiyar jarumai ta Amurka, SAG-AFTRA, tana da mambobi kusan 160,000. A lokacin yajin aikin 2023, sai mamba ya samu dala 26,470 a shekara daga aikin da ƙungiyar take kula da shi kafin ya cancanci inshorar lafiya, kuma ƙungiyar ta bayyana cewa kusan kashi 86 cikin 100 na mambobinta ba sa kai wannan adadi. Waɗannan su ne masu fitowa a matsayin likita na minti biyu, ko ɗan sanda mai jimla uku, ko masu zama a bayan jarumi a matsayin taron jama'a.

Dole kuma a fahimci yanayin aikin. Jarumi ko marubucin fim ba shi da ofishin da yake zuwa kullum, yana iya yin aiki na wata biyu, ya zauna wata bakwai yana zuwa gwaji ba a ɗauke shi ba. Abin da yake riƙe shi a tsakanin aiki da aiki shi ne kason da ake biyansa duk lokacin da aka sake haska aikin da ya yi a baya. Wannan kaso kamfanoni ba su bayar da shi don kyautatawa ba. Yajin aikin 1960 ne ya samar da shi ga fina-finan da ake sayar wa gidajen talabijin, tare da asusun fansho da na lafiya, kuma shugaban ƙungiyar jarumai a lokacin shi ne Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. Daga 1960 marubuta da jarumai ba su sake yin yajin aiki a lokaci guda ba sai 2023, dalilin kuwa iri ɗaya ne: hanyar kallo ta sauya. A da shiri mai dogon zango yakan kai kashi 22 a shekara, ana kuma maimaita shi a tashoshi daban-daban, kowace maimaitawa da kuɗinta. Da manhajojin kallo ta intanet irin su Netflix suka zo, sai aka koma kashi takwas ko goma, kason da ake biya kafin yajin aikin 2023 ba ya la'akari da yawan masu kallo, kamfanonin kuma suka riƙe alƙaluman masu kallon a matsayin sirri. Babban jarumi bai ji wannan a jikinsa ba, domin shi da kansa yake ciniki. Wanda ya ji shi ne mai dogaro da mafi ƙarancin farashin da ƙungiya ta tsayar.

Malam Isiyaku:
Hajiya ta yi bayanin fim, bari in ƙara da na ƙwallon ƙafa, domin a nan ne aka fi yaudarar ido. Ƙungiyar 'yan ƙwallon Ingila, PFA, an kafa ta a 1907, kuma har zuwa farkon 1961 akwai ƙa'idar da ta hana a biya kowane ɗan wasa fiye da fam 20 a mako, komai ƙwarewarsa, komai cikar filin wasa saboda shi. Sai da ƙungiyar, ƙarƙashin jagorancin Jimmy Hill, ta yi barazanar yajin aiki sannan aka soke ƙa'idar a watan Janairun 1961, Johnny Haynes na Fulham ya zama na farko da ya karɓi fam 100 a mako. Akwai kuma tsarin da ya bai wa kulob ikon riƙe rajistar ɗan wasa ko da kwantiraginsa ya ƙare, wanda George Eastham ya kai Newcastle United kotu a kansa da goyon bayan ƙungiyar, ya yi nasara a 1963.

Idan kuma aka ce wannan tsohon labari ne, a duba binciken da FIFPRO, haɗaɗɗiyar ƙungiyar 'yan ƙwallo ta duniya, ta fitar a 2016, bayan ta ji ta bakin 'yan wasa kusan 14,000 a ƙasashe 54. Kashi 41 cikin 100 sun ce an jinkirta musu albashi a cikin kaka biyu da suka gabata, kuma kimanin kashi 45 cikin 100 ba sa samun dala 1,000 a wata. A haɗa wannan da gajartar sana'ar, inda mutum yakan gama tun bai kai shekara 35 ba, wani kuma karayar ƙafa ɗaya ce take rufe masa ƙofa yana ɗan shekara 24.

Barista Nura:
Malam Habibu, ina so in taɓa ɓangaren da ka ce kamfanoni suna rububin ɗan wasa, domin a tarihi ba haka abin yake ba, kuma a nan ne shari'a take shigowa. Ma'aikacin masaƙa idan bai ji daɗin masaƙar da yake ba, yana iya gwada wata. Ɗan wasan da ya kai matakin ƙoli kuwa yana fuskantar masu saye 'yan kaɗan, waɗanda suke zama a teburi ɗaya suna tsara dokokin da za su bi a tsakaninsu. A wasan besbol na Amurka, tun daga 1879 masu kulob suka fito da wata ƙa'ida da take ɗaure ɗan wasa ga kulob ɗinsa, suna sabunta kwantiraginsa shekara bayan shekara ba tare da ya iya tattaunawa da wani kulob ba, sannan a 1922 Kotun Ƙolin ƙasar ta keɓe wasan daga dokokin hana haɗa baki a kasuwa. Ma'anar wannan ita ce ɗan wasa ko dai ya karɓi abin da aka ba shi, ko ya bar sana'ar.

A 1969 kulob ɗin St. Louis Cardinals ya yi musayar Curt Flood zuwa Philadelphia ba tare da shawararsa ba. Flood yana karɓar dala 90,000 a shekara, kuɗi mai yawa a wancan zamani, amma ya rubuta wa shugaban hukumar wasan, Bowie Kuhn, cewa bayan shekara 12 yana wasa ba ya ɗaukar kansa a matsayin kadarar da za a saya a sayar ba da son ransa ba. Ya kai ƙara, ya sha kaye a Kotun Ƙoli a 1972, sana'arsa kuma ta mutu a wannan tsakanin. Abin da kotu ta hana, ƙungiya ce ta samo shi ta wata hanya. Marvin Miller, wanda ya zo daga ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa ya karɓi jagorancin ƙungiyar 'yan wasan a 1966, ya fara ne da abubuwan da suke kama da ƙanana. A yarjejeniyar 1968 ya ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 6,000 zuwa 10,000, daga baya ya samu amincewa cewa saɓani zai riƙa zuwa gaban mai sasanci mai zaman kansa maimakon shugaban da masu kulob suka naɗa. Wannan mai sasanci, Peter Seitz, shi ne ya yanke hukunci a watan Disambar 1975 cewa 'yan wasa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, sun kuɓuta daga ɗaurin, daga nan 'yancin sauya kulob ya fara. Saboda haka rububin da ake gani yau sakamakon aikin ƙungiya ne, bai riga ta zuwa ba.

Malam Habibu:
Na gode da wannan bayani, na kuma ƙaru. Amma Barista, abin da ka kawo ya ƙara mini wata damuwar. Idan 'yancin sauya kulob shi ne babbar nasara, wa ya ci moriyarsa? A Turai ɗan ƙwallon ƙafa Jean-Marc Bosman ne ya yi irin wannan gwagwarmaya. Kwantiraginsa da kulob ɗin Liège na Beljiyam ya ƙare a 1990, aka yi masa tayin sabon albashi da bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na tsohon ba, ya so komawa Dunkerque a Faransa cinikin ya rushe, ya shafe shekara biyar yana shari'a har Kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya a ranar 15 ga Disamba, 1995. Shi kansa bai samu abin kirki ba, ya shiga ƙuncin rayuwa, yayin da manyan 'yan wasa da wakilansu suka kwashe ribar. Ƙananan kulob-kulob da suke rainon yara kuma suka rasa hanyar samun kuɗi idan yaro ya bari kwantiraginsa ya ƙare. Ashe ba za a ce na ƙasa ne ya ɗauki wahalar, na sama ya kwashi amfanin ba?

Injiniya Kabiru:
Ina goyon bayan Malam Habibu a nan, kuma ina so a tuna da wasu mutanen da ba a ambata ba tukuna. Lokacin da marubuta da jarumai suka ajiye aiki a 2023, ba su kaɗai suka zauna a gida ba. Mai kunna fitilu, mai riƙe kyamara, mai ɗaukar sauti, mai kwalliya, tela, kafinta mai gina dandali, direban motar kaya, duk sun rasa aiki na watanni, alhali ba su kaɗa ƙuri'ar shiga yajin aikin ba, kuma yarjejeniyar da aka cimma ba tasu ba ce. Haka ma a wasanni. A kakar 2004 zuwa 2005 an soke gasar hoki ta kan ƙanƙara ta NHL baki ɗaya saboda rikicin masu kulob da 'yan wasa, kuma mai sayar da tikiti da mai share filin wasa ba su da asusun da za su jingina da shi. Duk wanda zai kare waɗannan ƙungiyoyi ya kamata ya faɗi abin da zai ce wa waɗannan mutane.

Hajiya Rakiya:
Injiniya, ba ni da amsar da za ta share wannan asara, kuma ba zan yi kamar ina da ita ba. Ma'aikatan bayan fage sun sha wahala ƙwarai a 2023, wasu sun cinye ajiyarsu, wasu sun bar sana'ar. Abu biyu kawai zan ƙara. Na farko, da yawa daga cikinsu suna da ƙungiyoyinsu, IATSE ta ma'aikatan bayan fage da Teamsters ta direbobi, kuma direbobi da ma'aikata da dama sun ƙi tsallaka layin masu yajin aiki da son ransu, wanda hakan ne ya sa aka dakatar da ɗaukar shirye-shirye da yawa tun kafin jarumai su shigo. Sun yi haka ne domin sun san abin da wata ƙungiya ta samu yakan zama ma'aunin da tasu za ta fara ciniki da shi. Na biyu, misalin NHL da ka kawo ba yajin aiki ba ne, masu kulob ne suka rufe ƙofa har sai da 'yan wasa suka amince da ƙayyade jimillar albashi. Idan za a ɗora alhakin yunwar mai share fili, a ɗora shi a kan ɓangarorin biyu gwargwadon abin da kowa ya yi.

Ba na kuma cewa waɗannan ƙungiyoyi ba su da tabo. A ƙarshen shekarun 1940 da cikin 1950, lokacin da aka riƙa hana mutane aiki a Hollywood bisa zargin ra'ayin gurguzu, shugabancin ƙungiyar jarumai bai tsaya wa waɗanda aka zarga ba, ya ma ba da haɗin kai. Ƙungiya takan ji tsoro kamar yadda mutum yake ji, kuma idan ta ji, mambobinta marasa ƙarfi ne suke fara biya.

Malama Zulai:
Ina bin muhawarar tun farko, kuma na lura duk lokacin da aka ce marubuta ana nufin na fim ne. Marubucin littafi yana wani hali dabam, kuma kwatanta su biyun zai taimaka wa tambayar Malam Habibu. A Amurka marubucin fim ma'aikaci ne a idon doka. Abin da ya rubuta mallakin kamfani ne, ana iya sauya shi yadda aka ga dama, ana iya kawo wani ya sake rubutawa. Amma saboda shi ma'aikaci ne, doka ta ba shi damar haɗuwa da 'yan'uwansa su yi ciniki da murya ɗaya, shi ya sa ƙungiyarsu ta WGA, mai mambobi kusan 11,500 a lokacin yajin aikin, take iya tsayar da mafi ƙarancin farashi, take kuma da ikon yanke hukunci a kan sunan wanda za a rubuta a allo a matsayin marubuci. Wannan iko ba ƙarami ba ne, domin da sunan ake samun kason maimaici, da shi kuma ake samun aiki na gaba.

Marubucin littafi kuwa yana riƙe da haƙƙin mallakarsa, amma doka tana kallonsa a matsayin ɗan kasuwa mai zaman kansa. Idan marubuta dubu suka haɗu suka ce ba za su sayar wa mawallafa aikinsu ƙasa da wani farashi ba, ana iya tuhumarsu da haɗa baki a kasuwa. Shi ya sa Authors Guild, wadda aka kafa tun 1912, ba ta iya kiran yajin aiki. Abin da take yi shi ne duba kwantiragi, da matsa wa 'yan majalisa, da kai ƙara, kamar shari'ar da ta yi da Google a kan kwafar littattafai, wadda ta rasa a 2015. Ga shi nan a fili: mutum biyu masu sana'a ɗaya, ɗaya ya sarayar da mallaka ya samu ƙarfin taro, ɗaya ya riƙe mallaka ya zauna shi kaɗai a gaban mawallafi. Ni a ganina na biyun ya fi rauni, domin haƙƙin mallakar littafin da ba ka da ƙarfin yin ciniki a kansa takarda ce kawai. Duk da haka matsin lamba ba banza ba ne. Tsarin biyan marubuci wani abu saboda littattafansa da suke ɗakunan karatu na jama'a ya fara a Denmark a 1946, Birtaniya kuma ta yi dokarsa a 1979 bayan marubuta sun shafe shekaru suna nema.

Barista Nura:
Malama Zulai ta taɓo jijiyar maganar, wato wane ne ma'aikaci. Kafin in je can, bari in koma kan Bosman. Malam Habibu, gaskiya ne manya sun fi cin moriyar hukuncin 1995, amma a lura cewa hukuncin kotu ne, ba yarjejeniyar ƙungiya ba. Kotu tana iya cire ɗauri, ba ta iya tsayar da mafi ƙarancin albashi ko kafa asusun fansho. Idan aka cire ɗauri kawai aka bar kowa da kasuwa, mai tsada zai ƙara tsada, mai araha ya zauna inda yake. A wasannin Amurka, inda ake zama a rubuta yarjejeniya guda ga kowa, 'yancin sauya kulob yana tafiya tare da mafi ƙarancin albashi da fansho da kaso tsayayye daga kuɗin shiga. A gasar ƙwallon kwando ta NBA, alal misali, 'yan wasa suna karɓar tsakanin kashi 49 zuwa 51 cikin 100 na kuɗin da wasan yake kawowa, akwai kuma iyakar abin da za a biya mutum ɗaya. Wannan iyaka tana rage wa manyan taurari abin da kasuwa za ta ba su, rarar kuma tana gangarawa ga na tsakiya.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, wato su ma masu kulob suna buƙatar ƙungiyar. Ƙayyade albashi da rabon sababbin 'yan wasa ta hanyar zaɓe abubuwa ne da za su iya saɓa wa dokar hana haɗa baki, sai dai idan an amince da su a cikin yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago. Shi ya sa 'yan wasan NFL, gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, suka taɓa ajiye matsayinsu na ƙungiyar ƙwadago a 1989 da kuma 2011, domin su samu damar kai masu kulob kotu.

Game da fasaha kuwa, rikicin 2023 ba shi ne na farko ba. Daga 1942 zuwa 1944 ƙungiyar makaɗa ta Amurka, ƙarƙashin James Petrillo, ta hana mambobinta yi wa kamfanoni naɗin faifai, saboda faifan yana maye gurbin makaɗa a gidajen rediyo da wuraren taro, har sai da kamfanonin suka amince su riƙa zuba wani kaso a asusu. A 2023 abin da ake tsoro shi ne ƙirƙirarriyar basira. Marubuta sun samu a rubuce cewa ba za a ɗauki abin da na'ura ta samar a matsayin aikin marubuci ba, ba za a yi amfani da shi a rage wa marubuci suna ko kuɗi ba, kuma ba za a tilasta masa amfani da ita ba. Jarumai sun samu cewa sai da izininsu da kuma biya kafin a yi amfani da kwafin surarsu ko muryarsu na kwamfuta. A yi tunanin mai fitowa a cikin taron jama'a, wanda za a shigar ɗaki mai kyamarori a zagaye, a ɗauki fuskarsa da jikinsa ta kowace kusurwa cikin 'yan mintuna. Shi kaɗai ba zai iya cewa a'a ba, domin akwai wasu a layi. Babban jarumi lauyansa zai rubuta masa kariya ko babu ƙungiya, shi kuwa wannan sai ƙungiya.

Malam Isiyaku:
Ina so in nuna wa Malam Habibu lokacin da na sama suka tsaya wa na ƙasa, domin hakan ya faru. A watan Janairun 1964, a birnin Boston, an shirya wasan zaɓaɓɓun taurarin NBA, za a kuma haska shi kai tsaye a talabijin, abin da gasar take matuƙar buƙata a lokacin. 'Yan wasan, ciki har da Oscar Robertson da shugaban ƙungiyarsu Tom Heinsohn, suka zauna a ɗakin sauya kaya suka ce ba za su fito ba sai an amince da tsarin fansho. 'Yan kallo suna zaune, kyamarori suna jira, masu kulob suna aika saƙon barazana, har sai da shugaban gasar, Walter Kennedy, ya ba da alkawari, sannan aka fara wasan a makare. Waɗanda suke cikin ɗakin su ne mafiya samu a gasar, fanshon kuwa ya fi amfanar wanda zai yi shekara huɗu a benci ya tafi.

A zamaninmu ma akwai misalai. 'Yan wasan besbol na ƙananan gasanni, su fiye da 5,000, sun daɗe ba su da wakilci, sai a 2022 ƙungiyar manyan ta karɓe su, kuma yarjejeniyarsu ta farko a 2023 ta ɗaga albashin mataki mafi ƙasa daga dala 4,800 zuwa 19,800 a shekara. Dole a faɗa cewa ƙungiyar ta yi shekaru da dama ba ta waiwaye su ba, wannan kuma yana cikin abin da yake ba ka gaskiya. A ƙwallon ƙafa, matsin FIFPRO yana cikin abin da ya sa FIFA ta sanya ƙa'ida a 2018 cewa ɗan wasan da aka riƙe wa albashin wata biyu yana iya ba kulob wa'adin kwana 15 a rubuce, idan ba a biya ba ya soke kwantiragin. Daga 2021 kuma aka tabbatar wa 'yan wasa mata hutun haihuwa na aƙalla mako 14 tare da kashi biyu cikin uku na albashi. Sara Björk Gunnarsdóttir ta ƙasar Iceland ta yi amfani da ƙa'idojin masu juna biyu ta kai kulob ɗinta na Lyon a Faransa ƙara a FIFA da taimakon ƙungiya, aka umarci kulob ɗin ya biya ta fiye da yuro 82,000 da ya riƙe mata lokacin da take da ciki. Idan hakan ya faru a ɗaya daga cikin manyan kulob-kulob na mata a duniya, sai a auna halin wadda take wasa a inda babu ɗan jarida ko ɗaya.

Malam Habibu:
Malam Isiyaku, Barista, Hajiya, Malama, Allah ya saka da alheri. Na yarda yawancin mambobi ba masu hali ba ne, amma ina nan a kan cewa ba kowace nasara ce take isa gare su ba, kuma maganar Injiniya game da ma'aikatan bayan fage ba ta samu cikakkiyar amsa ba. Daga yanzu idan na ji an shiga irin wannan yajin aiki, abin da zan fara dubawa shi ne buƙatun da suke kan teburi, ko na mafi ƙarancin albashi da lafiya da fansho ne, ko kuwa na ƙara wa na sama ne. Saura tambaya ɗaya, Barista. Duk misalan wasanni da aka kawo na masu wasa a kulob ne. Ina 'yan wasan tanis da 'yan dambe, waɗanda kowa kansa yake wakilta?

Barista Nura:
Halinsu ya fi kusa da na marubucin littafin da Malama Zulai ta bayyana. Ana ɗaukarsu a matsayin masu zaman kansu, ba su da mai ɗaukar aiki guda da za a zauna da shi, kuma ɗan wasan tanis shi yake biyan kocinsa da kuɗin jirgi da masauki daga abin da ya ci, idan aka fitar da shi a zagayen farko yana iya komawa gida da asara. Hukumar tanis ta maza, ATP, tana haɗa wakilan 'yan wasa da na masu shirya gasa a majalisa ɗaya, abin da wasu 'yan wasa suke ganin yana raunana muryarsu, shi ya sa Novak Djokovic da Vasek Pospisil suka kafa ƙungiyar 'yan wasan tanis ta PTPA a 2020. Ita ma ba ta da ikon yin yarjejeniyar bai-ɗaya, don haka a watan Maris na 2025 ta bi hanyar kotu, ta kai hukumomin wasan ƙara.

Masu faɗa a UFC, gasar da take haɗa dambe da kokawa, ba su da ƙungiyar ƙwadago ko kaɗan, duk ƙoƙarin da aka yi na kafa ta bai kai ga nasara ba. Dalilin a bayyane yake, domin kamfani ɗaya ne yake zaɓar wanda zai yi faɗa, da wanda zai kara da shi, da lokacin da za a yi, kuma duk wanda ya fara ɗaga murya yana iya zama wata da watanni ba a kira shi ba. Wasu tsofaffin 'yan wasan sun shigar da ƙara a 2014 bisa zargin danne albashi, takardun da suka fito a shari'ar suka nuna cewa kason 'yan wasa yana kusan kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga ko ƙasa da haka, aka kuma sasanta a kan dala miliyan 375 bayan kimanin shekara goma. Kuɗin ya tafi ga waɗanda suka yi faɗa a shekarun da ƙarar ta ƙunsa, amma sasancin bai samar da fansho ko kaso tsayayye daga kuɗin shiga ga masu shigowa yanzu ba, kuma akwai wata ƙarar ta 'yan wasan da suka zo daga baya.